Ciwon Kirci da Maganin Homiyofati: Abin da Gwaji Ya Nuna, da Misali Daga Ƙasar Dawanau

Gabatarwa

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ta hanyar Katsina a tsakiyar hunturu, ya iso Dawanau cikin ƙasar Dawakin Tofa, zai tarar da ƙura iri biyu sun gauraya: ƙurar da iska ke kawowa daga arewa, da ƙurar hatsi mai tashi daga babbar kasuwar nan da aka kafa wajen 1985, inda a ke hada-hadar gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo. A kewayen kasuwar kuwa ƙauyuka ne dab da dab, gona na bin gona. 'Yan dako da mata masu tsintar riɗi da manoma duk cikin wannan ƙura su ke yini, fatarsu kuwa ita ce ta fara shaida haka. Ba banza ba Bahaushe ya kira dusar kan gero ƙaiƙayi, ya kuma kira abin da ta ke sa wa jiki da wannan suna.

Yawancin irin wannan ƙaiƙayi wanka ke raba mutum da shi. Amma akwai wani ciwon fata wanda ya kan zauna wa mutum shekara da shekaru, ya lafa ya tashi, ya hana yaro barci, ya hana uwarsa. Ciwo idan ya daɗe haka, masu magani kan yi yawa a kansa. A cikin magungunan da labarinsu ke iso mu ta wayar hannu, da ta bakin masu zuwa Indiya karatu ko jinya, har da wanda a ke kira homiyofati. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bayyana ko mene ne shi, mu kuma auna shi da maganin asibiti bisa ga abin da gwaji ya nuna, domin malamai masu horad da malamai su sami abin faɗa in an tambaye su.

Sunan ciwon

Kafin a yi maganar magani, wajibi ne a daidaita maganar suna, gama a nan ne ruɗani ke farawa. Hausa tana da sunaye da dama na cututtukan fata, ga su nan cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934 da waɗanda suka biyo bayansa, amma a bakin jama'a su kan shiga juna. Ƙyasfi shi ne dabbare-dabbaren nan masu haske a wuya da ƙirji da baya; wani irin naman gwari ƙanƙane ke kawo shi, ba ya cika ƙaiƙayi. Makero da ƙora su ma naman gwari ne, su kan yi zobe a jiki ko su ci gashin kan yara. Ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya cika gani, mai haƙa rami cikin fata. Ƙaiƙayinta da dare ya ke tsananta, ta kan kuma bi gida duka. Borin jini ya kan fito farat ɗaya, ya baje cikin sa'o'i.

Ciwon da mu ke magana a kansa daban ya ke da waɗannan duka. Likitoci suna kiransa ekzima, a nan kuwa za mu kira shi kirci. Sai dai a lura da abu biyu. Na ɗaya, makiyaya suna kiran wata cutar fatar shanu kirci, wadda ke tsananta da damina, ba kuwa ita mu ke nufi ba. Na biyu, a Nijeriya 'yan boko da masu sayar da magani sun saba kiran ƙyasfi da sunan ekzima. Saboda haka wanda ya ce wani magani ya warkar masa da ekzima, sai an tambaye shi wace ce ya ke nufi.

Kircin ɗan Adam ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani. Galibi tun yaro na goye ya ke farawa, a kumatu da goshi, daga baya ya koma lanƙwasar gwiwa da gwiwar hannu da wuya. Ya kan bi dangi, tare da asma da yawan atishawa. A waɗansu ƙasashe ya kan taɓa yaro 1 cikin 5. Asalinsa abu biyu ne a haɗe. Fatar mai kirci kamar ginin ƙasa ne wanda yaɓensa ya zube: danshi na fita, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta na shiga. Sa'an nan garkuwar jikinsa tana da saurin hasala, ta kan tasar wa abin da bai kai ya kawo ba. Sai fata ta kumbura ta yi ƙaiƙayi, a sosa, susa ta ƙara yage ta, ƙaiƙayi ya ƙaru. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Wurin ya kan yi duhu ko toka-toka, ya yi kauri kamar ƙirgi.

Akwai wani halin ciwon da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin duk maganar da za ta biyo baya a kansa ta rataya. Kirci tashi ya ke yi ya kwanta. Ga mutane da yawa a ƙasarmu hunturu ne lokacin tashinsa, sa'ad da danshin iska a Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Waɗansu kuwa zufar bazara ke tayar musu. Yara da yawa kuma ya kan sake su da kansa kafin su balaga.

Asalin homiyofati

Wani likita Bajamushe ne ya ƙago homiyofati, sunansa Samuel Hahnemann, wanda aka haifa a 1755, ya rasu a Faris a 1843. A zamaninsa likitocin Turai tsaga da ƙaho su ke yi, su zubar da jini mai yawa, su kuma ɗura wa majinyaci magunguna masu guba. Hahnemann ya ƙi wannan, kuma a nan yana da gaskiya. A 1790 ya sha sassaƙen itacen da a ke samun kwinin a jikinsa, alhali lafiyarsa lau, ya ce ya ji alamu irin na zazzaɓin cizon sauro. Daga nan ya kafa ƙa'idarsa ta fari, wadda ya buga a 1796, ya kuma faɗaɗa cikin littafinsa Organon a 1810: wai abin da ke jawo wata alama ga mai lafiya, shi ne zai kawar da ita ga marar lafiya.

Ƙa'ida ta biyu ita ce surki. A kan ɗauki ɗigo 1 na magani a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza da ƙarfi. A ɗebi ɗigo 1 daga wannan a zuba cikin wani 99, a sake girgizawa. Kowane zagaye a kan rubuta shi da harafin C, watau 6C surki shida ke nan, 30C surki talatin. Masu wannan hanya sun ce yawan surki da girgiza ƙara wa magani ƙarfi ya ke yi. A ƙarshe a ɗiga ruwan bisa 'yan ƙwayoyin sukari, su ne a ke ba majinyaci.

Bari mu auna wannan da mudun Dawanau. Mu ƙaddara buhun gero yana ɗauke da ƙwaya miliyan 10. Surki na 6C daidai ya ke da a jefa ƙwayar gero guda mai alama cikin buhu 100,000, watau lodin manyan motoci fiye da 300 in kowace ta ɗauki buhu 300. Da a ce duniyar nan dukanta gero ce, tun daga ɓawonta har cibiyarta, ƙwaya guda a cikinta ba ta wuce misalin 15C ba. To, ina ga 30C, wanda a lissafi kashi 1 ne cikin lamba 1 mai sifiri 60 a bayanta? Masana kimiyya sun san adadin ƙwayoyin zarra da ke cikin kowane awo na abu, lissafinsu kuwa ya nuna daga wajen 12C ba a sa ran ko ƙwaya ɗaya ta ainihin maganin ta saura. Abin da ya rage ruwa ne da sukari.

A nan ne ya kamata a raba homiyofati da maganin gargajiya, domin mutane su kan ɗauka abu guda ne. Saiwa da sassaƙe da ganyen da mai magani ke jiƙawa suna da sinadari a cikinsu, wanda zai iya amfani, zai kuma iya cutarwa, ana iya auna shi. Ga misali farar wuta. Idan aka kwaɓa ta da mai aka shafa, tana kashe ƙwaron ƙazuwa, likitoci ma sun san da haka. Masu homiyofati su ma suna ba da farar wuta domin kirci, tare da gishiri da baƙin cikin fensir, amma a surke. Ƙwayar da aka rubuta wa farar wuta 30C suna kawai ta ɗauka.

Akwai ƙa'ida ta uku wadda ta fi shafar kirci. A 1828 Hahnemann ya rubuta cewa yawancin cututtuka masu daɗewa daga ƙaiƙayin da aka danne da man shafawa su ke, wai ya koma ciki. Don haka har yau waɗansu mabiyansa su kan hana shafa man asibiti, in ciwo ya tsananta kuma su ce alamar magani na aiki ke nan. Wannan magana tana da saurin shiga kunnen Bahaushe, gama mu ma muna da zancen a bar ƙyanda ta fito kada ta koma ciki. Abin da ke ƙarfafa zaton shi ne yaro mai kirci ya kan yi asma daga baya. Amma ba man shafawa ya kora ciwon ƙirji ba. Cututtukan biyu 'yan gida ɗaya ne, su kan zo bi da bi ko an shafa ko ba a shafa ba.

Homiyofati ya sami gindin zama a Indiya tun ƙarni na 19, aka yi masa doka a 1973, yana kuma ƙarƙashin wata ma'aikata ta musamman da aka kafa a 2014. Amma amincewar hukuma daban, shaidar gwaji daban.

Maganin asibiti

Likita ba ya alkawarin tumɓuke kirci daga tushe. Abin da ya ke yi shi ne ya gyara yaɓen, ya kwantar da kumburin, ya nisantar da abin da ke tayar da shi.

Gyaran yaɓe shi ne shafa mai marar turare, kamar basilin ko man kaɗanya mai tsabta, aƙalla sau 2 a yini, musamman da an fito wanka jiki bai gama bushewa ba. A rage sabulu mai kaifi da dirza da soso da ruwa mai zafi ƙwarai. A yanke wa yaro farce. Mai aikin hatsi ya wanke ƙura da ya tashi aiki, ya shafa mai. A kuma kiyaye: tufar da ta sha mai tana da saurin kama wuta, ga shi da hunturu a ke jin ɗumi.

Kwantar da kumburi aikin man sitiroyid ne. A 1952 ne likitoci biyu a Amurka, Sulzberger da Witten, suka fara nuna cewa haidirokotizon na shafawa yana kwantar da kirci, tun daga nan kuwa gwaje-gwaje masu yawa sun tabbatar da amfanin wannan dangin magani. Suna da daraja-daraja: mai sauƙi domin fuska da jarirai, mai ƙarfi domin fata mai kauri. A kan shafa a inda ciwon ya ke kaɗai, sau 1 ko 2 a yini, na 'yan kwanaki ko makonni. Abin da aka matso daga kan yatsa zuwa gaɓar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Daga baya an sami takrolimus, wanda ba sitiroyid ba ne, a wajen 2000, da allurar dufilumab a 2017 domin ciwo mai tsanani, ko da ya ke tsadarta ta fi ƙarfin yawancin mutane.

Gaskiya ce maganin asibiti yana da nasa aibi in an yi masa riƙon sakainar kashi. A kemis da kasuwanni a kan sayar da mayuka masu haɗin magani uku, da sitiroyid mai ƙarfi a ciki, ba tare da takardar likita ba. Wanda ya daɗe yana shafa su, fatarsa ta kan yi siriri, ta yi nankarwa, ta koɗe. Waɗansu ma don koɗewar su ke saye. In kuma makero ne ko ƙazuwa aka shafa wa, ƙaiƙayi ya lafa kwana biyu, cutar kuwa ta bazu. Irin wannan ɓarna ce ke sa mutane tsoron man asibiti, su nemi abin da aka ce ba shi da illa. Tsoron yana da dalili, amma laifin na rashin awo ne da rashin sanin sunan ciwo.

Abin da gwaji ya nuna

Hausawa sun ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. To, yaya a ke gwada magani ga ciwon da ke tashi ya kwanta don kansa? Mu ɗauki misali. Uwa a wani ƙauye kusa da Dawanau, kircin ɗanta ya tsananta a watan Janairu. A lokacin ne za ta nemi sabon magani, domin ba a neman magani sai ciwo ya kai maƙura. Ta ba shi wata uku ko huɗu, hunturu ya wuce, iska ta yi laushi, yaro ya sami sauƙi. Ba ƙarya ta yi ba in ta ce ya warke bayan ya sha. Amma da ba ta ba shi kome ba fa? Wannan tambaya mutum ɗaya ba zai iya amsa ta ba.

Saboda haka masu bincike su kan tara majinyata, su raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin, ɗaya kashin a ba su ƙwayar wofi mai kama da shi, ba majinyaci ba likita ba wanda ya san wa ya sami wanne sai an gama. Damina da hunturu, da kyakkyawan zato, da girman yaro, duk sun shafi kashi biyun daidai. Bambancin da ya rage shi ne aikin magani.

An yi irin wannan gwaji a Munik ta Jamus, aka buga a 2009. Mutum 24 masu kirci suka shiga, 14 suka kai ƙarshe, kowanne an zaɓa masa magani bisa ƙa'idar homiyofati. Ba a sami bambanci tsakanin masu shan maganin da masu shan ƙwayar wofi ba.

Masu bincike na asibitin Charité a Balin sun bi wata hanya. Sun bi yaran da iyayensu suka zaɓi likitan homiyofati da waɗanda suka zaɓi likitan asibiti: yara 118 a binciken 2008, yara 135 a na 2009. Duka ɓangarorin sun sami sauƙi kusan daidai. Da aka bi yaran bincike na biyu har shekara 3, aka buga a 2013, sakamakon bai sāke ba, sai dai kuɗin da aka kashe a ɓangaren homiyofati ya ninka. Masu goyon baya su kan kafa hujja da wannan, su ce ai ga shi an yi kunnen doki. Amma ba a yi ƙuri'a ba, kowa ya san abin da ya ke sha, kuma ba a hana yaran ɓangaren homiyofati man shafawa da maganin asibiti ba. Irin wannan bincike ba zai iya nuna cewa ƙwayar ce ta yi aikin ba. A 2012 Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwajen kirci guda 3 da a ke da su a lokacin, ya ce ba su nuna amfanin homiyofati ba. A Indiya an buga ƙananan gwaje-gwaje biyu a 2022 da 2023, kowanne da mutum 60. Na farko bai sami bambanci tabbatacce ba, na biyu ya ce ya samu. Gwaji ƙarami guda, wanda waɗansu masu bincike dabam ba su maimaita da jama'a mai yawa ba, bai isa a gina hukunci a kansa ba.

In aka dubi homiyofati gaba ɗaya, hukuncin ya fi fitowa fili. A 2005 mujallar Lancet ta kwatanta gwaji 110 na homiyofati da 110 na maganin asibiti, ta ga a manyan gwaje-gwaje masu inganci amfanin homiyofati bai wuce na ƙwayar wofi ba. A 2015 majalisar binciken lafiya ta Ostireliya ta duba bincike 176 kan cututtuka 61, ba ta sami ko ɗaya da a ke da tabbatacciyar shaidar yana magani ba. Hukumar lafiya ta Ingila ta ba da shawarar a daina rubuta shi a 2017, Faransa kuma ta daina biyan kuɗinsa daga 2021.

Duk da haka akwai darasi a nan. Mai homiyofati ya kan zauna da majinyaci sa'a guda ko fiye a ganin farko, ya tambayi barcinsa da abincinsa da damuwarsa. Damuwa kuwa tana tayar da kirci. Wanda aka saurara ya kan sami natsuwa, ya kuma fi kiyaye wanka da shafa mai. Wannan amfani na zaman ne, ba na ƙwayar ba, ya kuwa kamata ma'aikatan asibiti su yi koyi da shi gwargwadon hali.

Inda haɗarin ya ke

Wani zai ce, in sukari ne kawai, ina cutarwa? Cutarwar tana cikin abin da aka bari. Fatar da ta tsage ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. A Sidini ta Ostireliya wata jaririya 'yar wata 9 ta rasu a 2002, bayan kircinta ya ruɓe, iyayenta kuwa sun dage kan homiyofati, sun bar maganin likita. Kotu ta same su da laifin kisa ba da niyya ba a 2009. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma ƙananan hasarori kullum ne: barcin da yaro ya rasa, karatun da ya tsaya, kuɗin hatsin da aka kashe a kan sukari, da ƙazuwar da ta bi gida duka ana kiranta kirci.

Alamun da ba a jira da su su ne: mugunya ko ɓawo mai ruwan zuma, zazzaɓi, ƙuraje masu ruwa da zafi da suka fito a tare, ko jariri ya ƙi nono. Mutanen Dawanau ba su da nisa da taimako. Akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, asibitin Yadakunya kuma, wanda aka fi sani da Bela, ya daɗe da suna kan cututtukan fata.

Kammalawa

Amsar tambayarmu ita ce, gwaji bai tabbatar da cewa homiyofati ya fi ƙwayar wofi ga kirci ba, alhali amfanin shafa mai da man sitiroyid bisa awo ya tabbata. Sauƙin da a ke gani bayan shansa, halin ciwon ne da sauyin yanayi da kyakkyawar kulawa.

Aiki biyu ya rage wa masu nazarin Hausa da malaman kwalejojin horo. Na ɗaya, a tattara sunayen cututtukan fata yadda a ke faɗinsu a ƙauyukan Kano, a zauna da likitoci a daidaita kowane suna da cutarsa, domin malamin asibiti da uwar yaro su riƙa nufin abu guda. Na biyu, a koya wa ɗalibai tambayar nan da muka yi a kan uwar yaron Janairu: da ba a sha ba fa, me zai faru? Malamin makarantar ƙauye shi a kan fara kai wa kwalba a ce ya karanta abin da ke jikinta. In ya san ma'anar 30C, ya kuma iya raba kirci da ƙazuwa, zai san wanda zai ce wa ya sayi basilin, da wanda zai ce wa ya kama hanyar asibiti yau.